Albarkar Bakin Ƙofa

Jayuya,
Farkon watan Mayu.

Zuwa ga aminiyata Ivelisse,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da gwaggonmu Titi Norma da ƙannenki, da fatan kuma sanyin Hartford ya fara sassauta muku. Mu nan tsibirinmu lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa har shanyar Mami ta fara wari.

Kin ce in daina rubuto miki wasiƙa kamar tsohuwa tunda ga waya. Ba zan daina ba. Kin san a waya bakina mutuwa yake yi. Kuma a duk littattafan soyayyar da na karanta, ban taɓa ganin wadda ta ɓoye saƙon waya a ƙarƙashin matashinta ba.

Ina da labari, amma ban sani ba ko mai daɗi ne. Kin tuna Yaya Glorimar ta gama digirinta na aikin jin daɗin jama'a? To, ta nemi wani tallafin karatu na digiri na biyu. Za su biya mata makaranta, su ba ta abin zaman gari, ita kuma idan ta gama ta yi wa hukumar kula da yara aiki na tsawon shekarun da suka ɗauki nauyinta. In ba da wannan tallafin ba, ba inda za ta. Kin san abin da guguwa ta bar wa Papi a gonar gahawa.

Shekaranjiya Papi ya kai ta babban birni, San Juan, aka yi mata tambayoyi. Ta dawo tana walƙiya kamar wadda aka yi wa baiko. Muna cin shinkafa da wake tana ba mu labari. Ta ce, "Sai suka tambaye ni me ya sa nake son aikin yara, aikin da kowa ke gudu. Na ce saboda ƙanwata."

Papi ya ce, "Wace ƙanwar? Wannan mai laɓewa bayan akurkin kaji tana yi wa mutanen takarda kuka?"

Muka yi dariya, har ni. Yaya Glori ta ci gaba, ta ce ta ba su labarin yadda na zo gidan nan. Kin san labarin, kowa a kan dutsen nan ya sani, amma ban taɓa faɗar sa da bakina ba, bari in gwada da biro. Ina 'yar shekara uku maƙwabciyarmu Migdalia, wadda ta haife ni, ta miƙa ni ga Mami ta ce za ta je Philadelphia neman aiki, za ta dawo bayan tsinkar gahawa. An yi tsinkar gahawa da yawa tun daga lokacin. Ni dai na tashi na ga Mami da Papi da Yaya Glori. 'Yar riƙo, kamar yadda ake da su a gidaje da yawa a nan, ba kotu, ba takarda.

Yaya Glori tana cikin magana na ga cokalin Mami ya tsaya a hanya.

Ta ce, "Ke Glorimar. Su wa ke zaune a wurin?"

"Malamai biyu, da wata shugaba daga hukumar."

"Hukumar da ke kwashe 'ya'yan mutane."

"Haba Mami, ba haka aikin yake ba."

"Kika gaya musu ba mu da takarda?"

Yaya Glori ta ce a hankali, "Tambayata ta yi."

Ivelisse, ban taɓa ganin fuskar Mami haka ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tashi ta kwashe kwanuka tun ba mu gama ci ba. Papi ya bi farantinsa da ido, ya ce, "Tsohuwa, ai da sauran cinyar kaza," ba ta ko waiwayo ba.

Kin san halina, ba na fara littafi sai na leƙa shafin ƙarshe na ga sun yi aure. Tun shekaranjiya nake jin kamar an ba ni littafin da aka yage masa baya.

Ki gaishe mini da Titi Norma. Ki rubuto, ko da layi biyu ne da wannan rubutun naki mai kama da tafiyar kaza.

Taki har kullum,
Yaritza.

Jayuya,
Ƙarshen watan Mayu.

Ivelisse ƙawata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan murar da kika ce ta kama ki ta sake ki. Na ga wasiƙarki, na gode, duk da rabinta zagina ne. Kin ce ina ƙara wa abu gishiri saboda littattafai sun lalata mini kai. To saurari wannan.

Mutanen hukumar sun kira. Wata ma'aikaciya, Misis Irizarry, za ta hawo gidanmu ta ga yadda nake zaune. Suka kuma gaya wa Yaya Glori cewa sun zaɓe ta, amma sun dakatar da sunanta sai an gama binciken gidanmu. Wai ba za su ɗauki mutum su horar da shi aikin kare yara ba alhali akwai yarinya a gidansu da doka ba ta san mai riƙonta ba.

Yaya Glori ta zauna ta yi wa Mami bayani har muryarta ta dushe. Ta ce ba a ɗauke yarinyar da ke ci tana sha tana zuwa makaranta. Mami ta ce, "'Ya'yan Chela fa? Ba a gabanki farar motar hukuma ta zo ba?" Yaya Glori ta ce ai 'ya'yan Chela kwana suke yi su kaɗai a gida. Mami ta ce, "A littafinki ke nan. Ni abin da na gani, an sa su a mota suna ihu."

Ni ma na gani, Ivelisse. Muna tare da ke ranar, a kan katangar coci. Ƙaramin ya bar takalmi ɗaya a kan hanya.

Sai Mami ta fito da nata shirin. Za ta gaya wa matar cewa ba a nan nake zaune ba. Wai ina wurin wata 'yar'uwar Migdalia a Utuado, hutu kawai nake zuwa nan. Tana ganin in dai ba a gidan nake ba, ba abin da za su bincika, za su rufe maganar su tafi.

Yaya Glori ta miƙe tsaye. Ta ce, "Mami, kin san abin da kike cewa? Na gaya musu ɗaki ɗaya muke kwana tun tana 'yar shekara uku. In kika faɗi haka, na zama wadda ta ƙaga labari don ta ci tallafi. Ba su kaɗai ba, ba wata makaranta da za ta sake kallona."

Mami ta ce, "Karatu ana sakewa. Yarinya in ta shiga motar nan ba a sakewa."

"Ni ba 'yarki ba ce?"

"Ke kika kai mu, ke za ki fitar da mu."

Papi ya ce, "Wilda, a bi a hankali," ta ce, "Kai Moncho, je ka duba kajinka." Ya kuwa tafi.

Ina bayan labule duk na ji. Da ƙasa za ta buɗe da na shige. A littafi, idan ana rigima a kan yarinya, takan fito ta yi wata magana mai ratsa zuciya kowa ya yi kuka. Ni na tsaya ina murza gefen labule har zaren ya fita.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali da safe ya faru. Yaya Glori za ta fita wurin aikinta na kantin magani, ta tsaya a bakin ƙofa kamar kullum ta ce, "Mami, a sa mini albarka." Mami tana tace gahawa. Ba ta amsa ba. Yaya Glori ta sake faɗa. Shiru, sai ƙarar ruwa yana ɗiga a tukunya. Ivelisse, kin taɓa jin uwar da aka nemi albarkarta ta yi shiru? Ko ranar da Yaya Glori ta faɗa da motar Papi cikin rami, Mami tana zaginta tana sa mata albarka. Ta daɗe a tsaye da jaka a kafaɗa, sannan ta fita. Tun ranar kullum sai ta nema, kullum shiru.

Ni kuwa ina nema ana ba ni, har da shafa kai. Ji nake kamar ina cin abincin wani a gabansa.

Ki sa mu a addu'a. Kada ki gaya wa Titi Norma, kin san bakinta da waya.

Taki,
Yaritza.

Jayuya,
Watan Yuni.

Ivelisse,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Wannan gajeriya ce, a kan gwiwata nake rubutawa domin teburina ya tafi.

Matar za ta zo ranar Alhamis. Mami ta kwashe duk abin da ya nuna ina gidan nan. Gadona yana rumfar shanya gahawa an rufe shi da buhuna. Kayan makarantata suna gidan gwaggona Titi Lucy. Hotona na ranar karɓar jibi na farko a coci, wanda ke kan talabijin, an sa hoton tsohon Fafaroma a wurinsa. Littattafaina kuwa Papi ya zuba su a kwali ya ce, "Waɗannan ko hukumar ta gani ita ma sai ta gudu, duk maza ba riga."

Yanzu kuma koya mini ake yi. Ba zan ce Mami ba, sai Doña Awilda, yadda baƙo zai kira ta da girmamawa. Ba zan ce Papi ba, sai Don Ramón, sunansa na takarda. Papi ne ke zama ma'aikaciyar. Ya ɗaura tawul a ka, ya rataya jakar Mami, ya matse murya ya ce, "'Yan mata, wace ce wannan kyakkyawar tsohuwa mai fushi?" Na ce, "Doña Awilda ce." Ya ce, "Wannan saurayin fa, mai kama da ɗan fim?" Mami ta jefe shi da tsumma. Na yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Duk sanda na ce Doña Awilda, Mami takan ce, "Yauwa, haka," sannan ta juya baya ta kama goge abin da ta riga ta goge.

Jiya da yamma na sami Yaya Glori a bakin rafi tana zaune. Na daɗe a tsaye kafin na iya cewa, "Yaya, ki yi haƙuri." Ta ja ni ta zaunar. Ta ce, "Auta, ke me kika yi?" Ta ce ta yanke shawara. Idan matar ta tambaye ta, za ta ce ta ƙara gishiri a wurin tambayoyin. Na ce ai shi ke nan tallafin ya tafi. Ta ce, "Na san abin da littafi ya ce, kuma na yarda da shi. Amma ban taɓa shiga ofishin ba. In ya zamana Mami ce ke da gaskiya fa? Ba zan yi caca da ke ba." Tana faɗa tana tsinke ciyawa ɗaya bayan ɗaya.

Shekara nawa tana tashi tun duhu tana bin motar haya zuwa jami'a, tana dawowa ta tsaya a kanti. Duk wannan zai tafi a zama ɗaya, a kan kujerar falonmu, kuma ni ce zan zauna ina cewa Doña Awilda.

Ban san abin da nake so ya faru ba. In na roƙi Allah ya bar ni a gida, na roƙa wa Yaya asara. In na roƙa mata, sai in ga takalmin nan a kan hanya.

Taki,
Yari.

Jayuya,
Juma'a.

Ƙawata Ivelisse,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ta zo jiya da hantsi. Na zaci zan ga doguwar mace mai jan baki da takalmi mai tsini, irin muguwar da ke raba masoya. Sai ga wata gajeriyar mata mai furfura, da takalmin roba duk taɓo, tana haki saboda motarta ta kasa hawa gangaren ƙarshe. Abin da ta fara cewa shi ne, "Doña, wanda ya gina gida a nan, da wa yake faɗa?"

Mami ta ba ta kujera, amma ba ta yi dariya ba. Ta kawo mata gahawa da madara da biskit. Matar ta sha a hankali, ta yaba, ta tambayi Papi ko nasa ne, suka ɗan yi hirar farashi da ƙwarin da ke cin 'ya'yan. Ni ina gefen kujera da rigar zuwa coci, gwiwoyina a haɗe kamar baƙuwa. Yaya Glori tana jingine da bango, fuskarta ta yi fari fat.

Sai Mami ta fara. Ta faɗi Utuado, ta faɗi 'yar'uwar Migdalia, ta faɗi hutu. Mami da ba ta iya ƙarya ko a wasan domino ba, sai ga ta tana jero magana tana kallon hoton Fafaroma. Misis Irizarry tana ta rubutu. Ta juyo gare ni.

"Yaritza ko? Kina jin daɗin zuwa nan?"

"E, Misis."

"Wa ke yi miki kitso mai kyau haka?"

"Doña Awilda."

"Tana da kirki?"

"Doña Awilda tana da kirki sosai."

Ban yi kuskure ko sau ɗaya ba, Ivelisse. Ni da ba na iya karanta aya a coci sai na sarƙe. Kowace amsa ta fito sumul, kuma kowace ɗaya ina ganin kafaɗar Yaya Glori tana ƙara sauka.

Matar ta dubi Yaya Glori ta ce, "Señorita, abin da na ji a nan ya bambanta da abin da kika faɗa a San Juan. Zan dawo kanki." Yaya Glori ta ce, "To, Misis." Muryarta kamar ba tata ba.

Sannan ta rufe littafinta ta ce ƙa'ida ce sai ta yi magana da yarinya ita kaɗai. "Zo ki raka ni wurin mota, ki riƙe ni kada in gangara har garin Ponce." Na tashi. Na bi bayanta. Na kai bakin ƙofa, ƙafata ɗaya a waje.

Na juya na ce, "Mami, a sa mini albarka."

Na rantse miki ban shirya ba. Tun ina 'yar shekara uku ban taɓa tsallake wannan dokin ƙofar ba tare da na faɗa ba, ko shago za ni. Mun yi ta koyon Doña Awilda a falo, a kicin, a baranda, amma ba wanda ya tuna da ƙofa. Bakina ne ya yi abinsa. Ko kuwa zuciyata ce ta gaji, ban sani ba, na kwana ina tambayar kaina.

Misis Irizarry ta tsaya a kan matakala, ba ta juyo ba, amma ta tsaya. Papi ya sunkuyar da kai. Na kalli Mami. Da za ta iya yin dariya ta ce yarinyar nan kowa Mami take ce masa. Na ga maganar ta zo mata har baki. Na ga kuma ta kalli ƙafata da ke waje, da matar hukuma a gabana, da hanyar da ta gangara zuwa inda mota take. In wannan ce fitata ta ƙarshe, za ta bar ni in tafi ba albarka?

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya kai ki, ya dawo mini da ke." Da ƙarfi ta faɗa, kamar mai faɗa da wani. Sai ta zauna a kujera ta rufe fuska da tsumman hannunta.

Ban san yadda na sauka gangaren ba. Karyarmu Canela tana bina tana shafa jikinta a ƙafata. Misis Irizarry ta dube ta ta ce, "Karyar nan ma ba a koya mata da kyau ba." Na fashe da kuka. Na ce don Allah kada ta sa ni a mota, kuma Yayata ba ta yi ƙarya ba, duk abin da ta faɗa gaskiya ne, gadona yana rumfar gahawa in tana so ta gani. Ban taɓa yi wa baƙo magana mai tsawo haka ba.

Ta bar ni na gama. Ta ce, "Motata da kyar take ɗaukata ni kaɗai." Sannan ta daina wasa. Ta tambaye ni in yau cikina ya murɗe aka ce sai tiyata, wa zai sa hannu? Na ce Mami. Ta ce asibiti ba su san Mami ba. Ta ce dole a je kotu a nema wa Mami riƙo na doka, kuma kafin nan dole a nemo Migdalia a tambaye ta. Na ce in ta ce tana so na fa? Ta ce, "Sai alƙali ya saurare ta, ya saurare ki. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Na tambaye ta maganar tallafin Yaya. Ta ce ita abin da ta gani za ta rubuta, har da ƙaryar, har da dalilinta. Sauran na mutanen San Juan ne.

Da na koma gida ba wanda ya yi mini faɗa. Papi ya je ya ɗauko gadona shi kaɗai a ka.

Yanzu ga shi an tafi neman matar da ban tuna fuskarta ba. Ivelisse, Philadelphia da nisa daga wurinku?

Taki mai kewarki,
Yaritza.

Jayuya,
Watan Agusta.

Zuwa ga aminiyata Ivelisse,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya da dukan mutanen gida. Ki yafe mini dogon shirun. Wasiƙunki biyu sun iso, na karanta su har sun yi laushi. Na kasa amsawa ne saboda ba ni da abin faɗa sai jira, kuma jira ba ya rubutuwa.

An samo Migdalia. Duk tsawon makonnin nan na yi ta shirya yadda za ta zo. Wata rana in gan ta da farar riga tana hawo gangare tana kuka, wata rana in gan ta da lauya. Har na shirya abin da zan ce mata, kalmomi masu kyau, na aro wasu daga littafi. Ba ta zo ba. Ta je wani ofishi a can ta sa hannu cewa ta yarda Mami ta riƙe ni. Na tambayi Misis Irizarry ko ta ba da saƙo. Ta ɗan yi jim, ta ce, "Ta tambaya ko kina da lafiya." Ban sani ba ko gaskiya ne ko tausayina ta ji. Na je bayan akurki na yi kukana. Abin da na roƙa ne aka ba ni, amma ya yi ciwo. Kada ki tambaye ni yadda aka yi, ban gane ba ni ma.

Mun je kotu a Utuado, garin da aka ce wai a can nake zaune. Papi ya ce, "Auta, nuna mana gidanku mana mu gaisa." Alƙaliyar ta tambaye ni wace ce wannan, na ce Mami ce, ba wanda ya gyara mini.

Yaya Glori ta sami tallafin. Sun kira ta sun sake yi mata tambayoyi, ta ce sai da ta yi zufa har cikin takalmi, domin sun tambaye ta dalilin da ya sa ta yi shiru lokacin da Mami ke magana. Ta gaya musu gaskiya, tsoro ne. Amma akwai sharaɗi. Tunda gidanmu ya shiga hannun ofishin yankinmu, ba za ta yi horo a nan ba, ba kuma za ta yi aikin a nan ba. Sun tura ta Humacao, can ɗaya bakin tsibirin. Da a ce ba ni, da a nan kusa za ta zauna tana dawowa kwana gida. Na faɗa mata haka, ta dungure mini kai ta ce, "Da a ce ba ke, da ina kantin magani ina ƙirga ƙwayoyin hawan jini har in tsufa."

Duk wannan lokacin Mami ba ta sauko ba. An ba ta takardarta, ta sa a leda ta ajiye cikin Littafi Mai Tsarki, amma da Yaya Glori sai "ga abinci" da "rufe taga". Albarkar safe kuwa har Yaya ta daina nema.

Jiya ta tafi. Papi ya ɗaure katifa a saman mota, ya cika bayan da agade da buhun gahawa kamar a Humacao ba a cin abinci. Yaya Glori ta rungume ni ta ce in bar mata gefen gadonta kada in cika shi da mazan nan marasa riga. Sannan ta ɗauki jaka ta tsaya a bakin ƙofa. Mami tana kicin ta ba mu baya. Na ga Yaya tana shawara da kanta.

Ta ce, "Mami, a sa mini albarka."

Shiru. Papi ya kashe motar da ya riga ya tayar.

Mami ta fito tana goge hannu. Ta tsaya a gabanta, ta gyara mata wuyan riga da ba abin da ya same shi. Ta ce, "Yanzu ke ce za ki riƙa hawa dutsen mutane kina tsinka wa uwaye hanji."

"Mami..."

"Rufe mini baki ina magana. In kin shiga gida suka ba ki gahawa, ki zauna ki shanye kafin ki buɗe wannan littafin. In uwa ta yi miki ƙarya, ki duba abin da take tsoro tukuna. Kina jina?"

"Ina ji, Mami."

"Allah ya yi miki albarka. Ya kai ki, ya dawo mini da ke. Wuce, kin tsaya kina sa mini ƙuda a gida."

Mun tsaya a baranda har motar ta ɓace a kwanar gidan Titi Lucy. Mami ta ja majina ta ce hayaƙin motar Moncho ne, wai tun bara take cewa ya gyara.

Ɗakin ya yi mini girma. Ki rubuto da wuri, ki gaishe da Titi Norma, yanzu kina iya gaya mata komai.

Taki har kullum,
Yaritza, autar Mami.